Yadda Ake Farautar Zomo da Ƙananan Karnuka

Zomon dajinmu ba ya haƙa rami, kuma daga wannan hali nasa ne duk tsarin farautarsa ya taso. Da dare yake kiwo. Gari na wayewa sai ya nemi gindin sabara ko geza ko kalgo, ko wani cunkushin gamba, ya ɗan share ƙasa daidai jikinsa ya lafe, kunnuwa kwance a gadon baya. Launinsa da na busasshiyar ciyawa ba su da maraba. Kana iya gifta shi da taku uku ba ka gan shi ba, shi kuwa yana ganinka sarai, ba zai motsa ba sai ya tabbata an gano shi. Wanda ake nunawa a bidiyon farautar Turai ana koro shi daga rami wani jinsi ne daban, shi ne kakan zomon gida da muke kiwo a keji. Namu ɗan fili ne, ƙafarsa ce raminsa.

Don haka ƙaramin kare, mai nauyin kilo 8 zuwa 14 wanda bai wuce gwiwar mutum ba, ba zai cim ma zomo a fili ba ko da zai yini yana binsa. Aikinsa shi ne ya sunsuno inda zomon ya kwanta, ya kutsa sarƙaƙiyar da dogon kare ba ya iya shiga ya tayar da shi, sannan ya bi sawunsa yana haushi har ya juyo da shi wajen mutane. Kamu kuwa aikin dogon kare ne mai sauri, irin na yankin Azawak da ke tsakanin Nijar da Mali ko jikokinsu da suka gauraya da karnukanmu, ko kuma aikin gorar jifa. An ce kowa ya ci zomo ya ci gudu, to amma in an raba aikin nan daidai, ƙananan karnuka biyu da dogo ɗaya sun isa, kuma mafi yawan gudun su za su ɗauke maka.

Zaɓen kwikwiyo da lafiyarsa

Nemi kwikwiyo daga karyar da ka gani da idonka tana aiki a daji, domin hanci gado ne. A ɗauke shi daga uwa yana da sati 8. In aka raba su da wuri yakan tashi matsoraci ko mai cizon banza. Ga gwaji mai sauƙi: ja busasshiyar fatar zomo a ƙasa kamar taku goma, ka ɓoye ta bayan turmi, ka saki 'yan kwikwiyon. Wanda ya dasa hanci a ƙasa ya bi layin, shi kake nema. Wanda ya ɗaga kai yana waige-waige da ido yake aiki, ya fi dacewa da kora. Ka duba ƙafa, yatsu su zama a haɗe, dagi mai kauri, gashi kuma gajere don ƙarangiya ta rasa wurin kamawa. Yanke kunne da wasu ke yi ba ya ƙara masa ji ko gudu, sai dai ya buɗe wa ƙaiƙayi da ƙuda hanya.

Maganin tsutsar ciki ana ba shi duk sati 2 har ya kai wata 3, sannan wata-wata har wata 6, daga nan duk bayan wata 3. Allurar rigakafin gudawar jini, wadda ke kashe 'yan kwikwiyo cikin kwana biyu ko uku, ana fara ta tsakanin sati 6 da 8 a maimaita yadda likitan dabbobi ya tsara. Ta ciwon hauka kuwa a wata 3 ake yi, a sabunta kowace shekara. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a jihar Filato tana haɗa ta, ana kuma samunta a asibitocin dabbobi. Karen da ke haɗuwa da dila da yanyawa da karnukan da ba su da mai su, wannan allura ba abin jinkirtawa ba ce a kansa. In kare ya ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a je asibiti a ranar.

Kaska a cire ta da hannu ko da matsefata kullum aka dawo. Kada a yi wa kare wanka da maganin ƙwari na gona, yana ratsa fata ya kashe shi.

Horo

Ba a fafe gora ranar tafiya. Karen da zai shiga daji a kaka, tun bazara ake aikinsa, minti 10 zuwa 15 safe da yamma.

Kira shi ne farko, daga wata 2. Zaɓi sauti ɗaya, fito ko usur, ka riƙa yin sa duk lokacin da za ka ajiye masa abinci, har ya zama da jin sa ya taho a guje. Kada ka taɓa kiran sa don ka doke shi. Sau ɗaya ka yi haka, ya koyi cewa zuwa wurinka akwai hatsari, kuma ranar da ya bi sawu zuwa bakin titi za ka kira ya ƙi.

Bayan kira sai dabbobin gida. Ɗaure shi da igiya ka ratsa da shi cikin awaki da tumaki da kaji da zabi kullum. Da ya miƙa wuya wajensu ka fizgi igiyar ka tsawata da murya ɗaya, da ya kau da kai ka yaba masa. Wannan darasi ya fi duk sauran tsada in aka tsallake shi, domin karen da ya taɓa ɗanɗana jinin ɗan akuya da wuya ya daina, kuma shi ne ke jawo rigima da makiyaya da masu gona.

Bin sawu daga wata 4 yake farawa. Ɗaura fatar zomo a bakin doguwar sanda ka ja ta gefe, nesa da inda kake takawa. In ka ja ta a bayanka, warin ƙafarka zai koyi bi, ka ɗauka ya iya alhali kai yake bi. Fara da taku 20 miƙe, ka kai 50, ka kai 100 da lanƙwasa biyu ko uku. Da farko ka sake shi nan take, daga baya ka jira minti 10, har rabin awa, don ya saba da sawun da ya fara sanyi. Wani lokaci ka ɗaga fatar sama ka tsallake taku biyar kafin ka sake ajiye ta, saboda haka zomo yake yi, kare ya koyi zagaye ya nemo inda layin ya ci gaba. Ƙarshen kowane layi ya kasance cikin ƙaya ko ciyawa mai duhu, ya san ladansa a cikin sarƙaƙiya yake.

A nan ne kuma ake koya masa sakin abin da ya kama. In ya cafki fatar, kada ka ja da shi. Riƙe gefe ɗaya, ka ce "saki", ka nuna masa ɗan tsokar nama. Yana buɗe baki ka ba shi. Wanda aka saba ja-in-ja da shi, ranar da ya kama zomo zai gudu da shi ko ya yayyaga shi.

Daga wata 7 ko 8 yana iya bin tsohon kare na awa ɗaya. Zaɓi tsohon da kyau, don halinsa zai kwafa, mai kyau da marar kyau. Cikakken aiki sai ya cika shekara, lokacin gaɓoɓinsa sun yi ƙwari.

Lokaci, wuri da kaya

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, bayan an kwashe amfanin gona, shi ne lokaci. A fita da an idar da sallar asuba. Sanyin safiya da 'yar raɓa su ke riƙe wari a ƙasa. Iskar hunturu na busar da ƙasa, zuwa ƙarfe 10 karen da ya yi abin mamaki da sassafe zai koma kamar ba shi da hanci. A Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a wurare irin Sakkwato da Maiduguri, awa biyu na farkon safiya sun isa. Da damina a bar daji ya huta: shuka na gona, ciyawa ta rufe macizai, 'ya'yan zomo kuma sun yi yawa. Zomanya takan haifi ɗaya ko biyu, da gashinsu, idonsu a buɗe, ta bar su cikin ciyawa ta dawo da magariba ta shayar. In ka gamu da irinsu, ba marayu ba ne, janye karnuka ka wuce.

Nemi bakin gonar wake ko gyaɗa da ta haɗa iyaka da saura, da gefen fadama, da tsofaffin shingayen ƙaya. Alamarsa kashi ne ƙanana masu zagaye kamar 'ya'yan magarya, cike da dusar ciyawa, da 'yar siririyar hanya da ta ratsa ƙarƙashin shinge. Kashin da ke da duhu da ɗan laushi na daren jiya ne, zomon bai yi nisa ba.

A nemi izinin mai gona, a sanar da mai unguwa ko sarkin dawa, a kuma tambayi halin tsaron dajin kafin a shiga. Gandun daji irin Yankari da Falgore da Kamuku da Gashaka-Gumti, da Gadabeji a jihar Maraɗi, ba a farauta a cikinsu. Cinna wa daji wuta don a koro nama ɓarna ce tsagwaronta: tana cinye abincin dabbobi da makwancin zomon da za ka nema baɗi, ta kuma ƙona dagin karnukanka.

Kaya kaɗan ne: wuƙa mai kaifi a ƙugu, gora biyu masu nauyin kai tsawon santimita 60 zuwa 70, igiya mita 2 ga kowane kare, ruwa aƙalla lita ɗaya ga kowane ƙaramin kare ban da naka, ɗan kwano, matsefata, da buhun algarara. Abincin kirki da daddare ake ba kare, tuwo da romo da kan kifi ko tarkacen nama. Da safe ruwa kawai da ɗan abin taɓa baki. Cikakken ciki yana hana gudu, amma masu horar da kare da yunwa don ya yi zafi suna cutar kansu, domin mayunwacin kare shi ne ke cinye abin da ya kama.

Tsarin shiga

Mutum uku zuwa biyar sun isa. Kafin a saki kare ko ɗaya, a yi magana a kan rabo: na wanda karensa ya tayar, na wanda karensa ya kama, na wanda ya jefa. Yawancin faɗan farauta daga rashin wannan magana yake tasowa.

A fuskanci iska, don ta kawo wa kare warin zomo, ta kuma kwashe naku ta yi baya da shi. Da hunturu daga arewa maso gabas take kaɗawa, to amma da safe rana ma ta gabas take, tana kashe ido. Mafita ita ce a doshi arewa, iska na bugun kumatun dama, rana ma tana gefe.

A jera sahu, taku 15 zuwa 20 tsakanin mutum da mutum. Ƙananan karnuka suna gaba, kada su wuce jifa ɗaya. Dogon kare yana ɗaure a hannun wanda ke gefen fili, in akwai tudu a sa shi ta wajen tudun, domin ƙafafun bayan zomo sun fi na gaba tsawo, hawa ya fi masa sauƙi kuma can yake dosa. Igiyar ba a ƙulla ta: a zura ta cikin zoben wuyan kare a riƙe bakin biyu, lokacin saki a sake baki ɗaya ta zare da kanta.

A tafi a hankali, kuma duk taku 20 ko 30 a tsaya cik na ɗan lokaci. Wannan tsayuwa ita ce sirrin. Muddin kana tafiya, zomo yana ganin ba ka gan shi ba. Da ka tsaya shiru sai hankalinsa ya tashi ya zabura. Ka kuma lura da karenka: in jela ta fara kaɗawa da sauri, numfashi ya koma gajere-gajere, yana zagaye gindin geza ɗaya, to a kewaye wurin, a bar masa kafa ɗaya ta wajen dogon kare.

In ya tashi

Mai dogon kare ya juya kan karen ya ga zomon tukuna, ya yi bisimilla ya saki. In aka sake shi bai gani ba, ƙananan karnuka zai bi. Kada a saki dogaye fiye da biyu, karo suke yi a kwana har a samu karaya. Zomo yakan bari kare ya zo daf da shi sannan ya yanke kwana, karen ya zarce. Inda biyu suka saba da juna, ɗaya na bi ɗaya na yanke gaba.

Jifan gora ƙasa-ƙasa ake yi, tana juyawa a kwance, a auna gaban zomo da kamar taku biyu. In kare na bayansa da abin da bai kai taku biyar ba, riƙe gorarka. Karnuka da yawa jifan mai su ne ya gurgunta su.

In ya kuɓuce wa dogon kare ya ɓace, farauta ba ta ƙare ba, yanzu ne ƙaramin kare zai nuna amfaninsa. Zomo ba ya son barin yankin da ya sani. In kare mai bi a hankali ne ke bayansa, yakan yi babban zagaye ya komo kusa da inda aka tayar da shi, wani lokaci cikin minti goma, wani lokaci ya fi. Don haka kada kowa ya ruga. Mutum biyu su tsaya kusa da makwancin, jikin itace, ba motsi ba magana, suna sauraren haushi. Zomon yakan riga karen isowa da nisa, yana ɗan tsalle yana tsayawa yana kasa kunne, kuma wannan ne jifa mafi sauƙi a yinin.

Haushi ya yanke? Zomon ya yi dabararsa ke nan: ya koma kan sawunsa, sannan ya yi dogon tsalle gefe ya lafe. Tsaya inda kake, kada ka tattake wurin, ka bar karen ya zagaya. In ya kasa, kai shi inda ya yi haushin ƙarshe ka zagaya da shi da'ira mai faɗin taku 20, ka faɗaɗa zuwa 40.

In an matsa masa yakan faɗa tsohon ramin dabgi ko kogon itace. Kada ka bar ƙaramin kare ya bi shi ciki, irin wuraren nan ne mazaunin kumurci da beguwa. Ɗaure karen, ka yanko doguwar tsumagiya mai ɗan reshe a baki, ka zura har ta taɓa jiki, ka murɗa ta kama gashi, ka jawo a hankali. In gashin da ya fito a bakin tsumagiyar ba na zomo ba ne, ko ka ji huci, bar ramin.

Yanka da hukuncinsa

Aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarren kare ya kama wa mai shi, tare da ambaton sunan Allah. Hadisin Adiyyu ɗan Hatim ya ƙara bayani: in ka tarar da wani karen da ba kai ka saka ba tare da naka, ba ka san wanda ya kashe ba, kada ka ci. A mazhabar Malikiyya sai karen ya ji wa dabbar rauni, sai kuma kai ne ka sake shi. Wanda kare ya zabura da kansa ya kashe ba a ci. Haka nan in ka yi sanyin jiki wajen bi, ko wuƙarka tana cikin jaka ko hannun wani har zomon ya mutu alhali da ka iya yanka shi, ya tashi daga halal. Shi ya sa wuƙa take zama a ƙugu. Wanda gora ta kashe kafin a yanka mushe ne, domin duka ne ya kashe shi.

Hanyar da ba ta da shakka ita ce ka isa da sauri, ka ce wa kare ya saki, ka kama ƙafafun baya da hannu ɗaya don kada ya yage ka da farce, ka fuskantar da shi alƙibla, ka yi bisimilla ka yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu a tashi ɗaya.

Bayan jini ya tsaya, ɗaga shi ta ƙafafun gaba ka matsa mara da babban yatsa zuwa ƙasa, fitsari ya fita, in ba haka ba zai ɓata naman. Farka ciki nan take ka fitar da hanji, ka cire madaciya daga hanta ba tare da ta fashe ba. Hantar da ke da fararen ɗigo ko ƙuraje masu ruwa a binne ta. Kada ka jefa wa kare ɗanyen kayan ciki, ta nan tsutsar ciki mai faɗi ke shigarsa. In za a ba shi rabonsa, a dafa a gida. Sa naman a buhun algarara inda iska ke ratsawa, leda tana dafa shi ya yi wari kafin azahar. In ba ranar za a ci ba, a feɗe ko a babbake, a barbaɗa gishiri a ƙyafe. Naman ba shi da kitse, yana son doguwar dahuwa a kan wuta kaɗan.

Abin da ke kayar da kare a daji

Zafi ya fi komai. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake fitar da zafi, kuma mai zuciya ba zai tsaya da kansa ba. Duk rabin awa a ba shi ruwa kaɗan a inuwa. In harshe ya zazzago ya yi faɗi, yawu ya yi kauri, dasashi ya yi ja wur, yana tangaɗi, a dakata nan take. A kai shi inuwa, a zuba masa ruwa a ciki da hammata da matsematsi da ƙafafu, a yi masa fifita, a ba shi ruwa kurɓi-kurɓi, sannan a ɗauke shi zuwa gida ko wurin likita. Ranar ba ya sake gudu ko da ya miƙe.

In ya fara ɗingishi, ɗaga ƙafar ka buɗa tsakanin yatsu. Galibi tsidau ne ko ƙayar aduwa. Cire da matsefata, ka wanke da ruwan gishiri. In gamsheƙa ta tofa masa dafi a ido, a yi ta kwarara ruwa na minti 15, ko da ruwan shan ku ne gaba ɗaya. Saran kububuwa ko kasa kuwa, kada a tsaga, kada a ɗaure tamau, a ɗauke shi a kafaɗa don kada ya taka, a nufi likita. Kada kuma a ba kare maganin ciwon jiki na mutane, yana huda masa ciki ya lalata ƙoda.

An dawo gida, kafin ka zauna, bi jikinsa da hannu daga kai zuwa jela: cikin kunne, ƙarƙashin wuya, hammata, tsakanin yatsu. Ka jira numfashinsa ya daidaita kamar awa ɗaya sannan ka ba shi abinci. Karen da ya yi aiki sosai yau, gobe hutu yake, fita uku a mako ta ishe shi.